Zauren Kawu: Gem ɗin da Ake Yayi Bana, daga Garwa zuwa Injamena

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan karo kusan duk a kan gem suka zo, na waya da na talabijin, don haka na ba su filin gaba ɗaya. Masu tambayar batir da caja su yi mini uzuri sai fitowa ta gaba. Ga sababbin masu karatu: gyaran waya ne sana'ata a nan Garwa, a bayan shagon kuma akwai ɗaki mai benci da talabijin inda samari ke buga ƙwallo da manet, wato abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa gem, daga la'asar zuwa dare. Abin da nake gani a teburin gyara da cikin ɗakin nan shi nake ba ku. Sunaye na cire su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Kawu ina wuni? Ni ɗan koyon ɗinki ne a Domayo, Marwa. Wayata ƙaramar Tecno ce mai RAM 2. Abokaina sun kasu biyu, 'yan Free Fire da 'yan PUBG, kowa na cewa nasa ne na manya. Wanne zan sauke?

Amsa: Lafiya lau ɗana, ya aiki? Ai wayarka ta gama yanke hukunci tun kafin ka rubuto. Free Fire za ka sauke.

Tsarin wasannin biyu ɗaya ne. Jirgi ya zubo ku a tsibiri hannu rabbana, kowa ya ruga neman makami, fili ya yi ta tsukewa yana tura ku wuri guda, wanda ya rage a raye shi ne gwani. Bambancin yana wajen nauyi. PUBG Mobile, wanda ya fito a 2018, mutum 100 yake zubawa, kuma zagaye ɗaya kan kai rabin awa in ka yi tsawon rai. Free Fire na kamfanin Garena ne na Singafo, ya fito a 2017, mutum 50 ne, cikin minti goma ko ɗan sama an tashi. Tun asali don ƙananan wayoyi aka gina shi, shi ya sa ya kama Birazil da Indunusiya da mu nan, har ya zama gem ɗin waya da aka fi saukewa a duniya a 2019.

Ba zan ɓoye maka ba, PUBG ya fi kyau a ido, ya kuma fi buƙatar natsuwa. Can za ka kwanta cikin ciyawa a Erangel, ɗaya daga filayen wasan, kana sauraren takun mutum, ka gane daga hagu yake ko daga dama. Amma wannan daɗin na mai RAM 4 ne zuwa sama. A taka wayar, daidai lokacin da aka yi gaba da gaba hoto zai ƙame, kafin ya sake ka an gama da kai.

Sai maganar zafi, wadda masu ba da shawara daga Turai ba sa kawowa don ba su san Maris da Afrilu a Marwa ba, lokacin da ma'auni ke wuce 40. Waya in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa gem ɗin da ke tafiya sumul bayan isha'i yake jan ƙafa da azahar. Ka cire mata riga in za ka buga, ka sa hoto a mataki mafi ƙasa, ka bar Free Fire Max ga masu manyan wayoyi. Kada kuma ka buga tana jone da caja. Wayoyin da ake kawo mini batir ya kumbura har ya ɗaga murfi, in na tambaya sau da yawa sai in ji mai ita yana harbi ne tana caji.

In ka shiga, nemi ɓangaren Clash Squad, huɗu da huɗu. Ku haɗu da abokanka uku a inuwa ɗaya kuna yi wa juna ihu, ya fi ka faɗa kai kaɗai cikin baƙi. Sai dai kada in ji an ce maigidanka ya je kasuwa sayo zare ya dawo ya tarar da kaftanin mutane yadda ya bar shi.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Injamena. Wayata babba ce, da tsada na saye ta, amma a Call of Duty sai in shige bayan bango in ga na mutu. Waɗanda nake bugawa da su daga Faransa suna cewa ban iya ba. Wayar ce ko ni ne?

Amsa: Alhaji, wayarka lafiyarta ƙalau, kuma ba lallai ne rashin iyawa ba. Nisa ne. Dubi ƙaramar lambar nan da ke gefen allo, wadda ake kira ping. Ita ce lokacin da saƙo ke ɗauka daga yatsanka zuwa babbar kwamfutar kamfanin ya dawo, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wanda ke kusa da kwamfutar zai ga 30 ko 40. Kai in kana ganin 200, to da kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kake baya. A allonka ka shige bayan bango, a wajen kwamfutar har yanzu kafaɗarka na waje, ita kuma maganarta ake bi.

Chadi ba ta da bakin teku. Intanet ɗinku ta wayar gilashi da aka binne a ƙasa yake bi, ko ta Sudan, ko ta Kamaru zuwa gaɓa, inda manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa ke sauka a Duwala da Limbe da Kribi. Mu ma a Garwa doguwar hanyar nan muke bi, kun dai ɗara mu nisa. Wanda ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyi huɗu suka lalace a teku daura da Kodebuwa, ƙasashe da dama har da Kamaru suka wuni rezo na rarrafe, ya san yadda harbinmu ya dogara da abin da ke ƙasan ruwa.

Abin da ke hannunka kaɗan ne, amma yana taimakawa. Ka tsayar da wayar a kan 4G kada ta riƙa hawa da sauka, ka rufe TikTok da saukar hotunan WhatsApp, kada ka raba wa kowa data a lokacin. Bayan asuba rezo ya fi sarari a kan bayan isha'i da kowa ke kai. Manhajojin da ke alkawarin rage ping, yawancinsu hanya suke ƙara wa saƙon. Ka kuma sauya salo: mai ping babba in ya laɓe a kwana yana jira, kafin hoton abokin gaba ya iso masa an riga an harbe shi. Gara ka zama kai ne mai leƙowa da harbi.

Tambaya: Kawu, mu ɗalibai ne a Dang, Ngaundere, mu huɗu a ɗaki. Musu ya ƙi ƙarewa tsakaninmu: PES ko FIFA? Mun yarda duk abin da ka ce shi ke nan.

Amsa: Ba ku yarda ba, na san ku. Wannan musu ya girme ku, kuma zai ga 'ya'yanku.

Duka biyun ma sun sauya suna. Kamfanin Konami na Japan ya mayar da PES ya zama eFootball a 2021, ya sake shi kyauta, fitowar farko kuma ta zo da fuskokin 'yan wasa a karkace har duniya ta yi ta dariya, sai daga baya aka gyara. EA na Amurka kuwa, da ya fara FIFA tun 1993, ya raba gari da hukumar ƙwallon bayan FIFA 23, daga Satumba 2023 ya koma FC 24, ana ta ƙara lamba duk shekara.

FC ya fi kayan ado. Yana da Firimiya da sunayenta da rigunanta na gaskiya, yana da Gasar Zakarun Turai da takenta. PES kuma ƙwallonsa na da nauyi. In ka ba da fas ba ka daidaita jikin ɗan wasa ba, zai tafi inda ba ka aike shi ba, kuma gudu kaɗai ba ya ci maka wasa. Ni ɗan PES ne, kuma har gobe PES 2021 a kan PS4 shi ya fi ciniki a ɗakina, da jerin 'yan wasa da yara ke sabuntawa ta filas. Ku bi ƙauyukan hanyar Gidar ko Lagdo ku ga abin mamaki: PS2, na'urar da ta fito a 2000, wadda PES 2014 da FIFA 14 ne na ƙarshe da aka yi mata, amma sai ka tarar da Mbeumo, ɗan wasan Kamaru na wannan zamani, a ciki sanye da rigar Manchester United. Aikin masu kwaskwarima ne, kuma yaran can ba su ji an bar su a baya ba.

Dokar ɗakina sananniya ce: sefa 100 wasa, wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya ci gaba da zama. Akwai wani ɗan moto da ke zuwa bayan magariba, ƙura har gira, ba ya ɗaukar kowa sai Kamaru, kuma ko da wa zai kara Vincent Aboubakar ne a gaba. In ya zura ƙwallo sai ya ajiye manet ya miƙe ya kama gindin riga zai tuɓe, yadda Aboubakar ya yi da ya ci Birazil a Katar a 2022, benci gaba ɗaya ya ɗauka: “Jan kati! Jan kati!” Akwai kuma wani ɗan firamare, ƙafarsa ba ta kai ƙasa daga kan benci, yana riƙe manet dab da haɓa, ba ya magana, ba ya murna. Masu gemu sun daina zama kusa da shi. Da ya shigo sai ka ji kowa ya tuna an aike shi.

Wannan ne eFootball na waya ba zai ba ku ba duk da kyansa, haka ma Dream League Soccer, wanda yaran unguwarmu da yawa suka raɗa wa ƙungiyarsu ta ciki Coton Sport, sunan ƙungiyar ƙwallon Garwa, suka sa mata kore da fari. Ka ci wani a intanet, bai san ka ba, ba ka san shi ba, ya kashe waya ya yi gaba. Ka ci abokin ɗakinka uku da nema kuwa, zai sha gori har ranar jarrabawa. Hukuncina: ku sayi wanda uku daga cikinku suka fi so, na huɗun ya koya. Ku dai hana mutum ɗaya ɗaukar Real Madrid sau biyu a jere.

Tambaya: Malam, ni uwa ce a Kuseri, ina sayar da atamfa da turare. Ɗana shekararsa 14, bana zai zauna jarrabawar BEPC. Na tarar yana cire kuɗi daga asusun wayata yana sayen wai daimon a Free Fire. Da dare ba ya barci, in na kira shi sai ya ce bari ya gama. Babansa ya ce a fasa wayar. Ciwo ne ko taurin kai?

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Ki roƙi Alhaji ya dakata da fasa waya. Ya fasa yau, gobe yaron na gidan maƙwabta yana bugawa a ta wani, inda idonku ba ya kaiwa.

Bari in fara da kuɗin. Waɗannan wasanni kyauta ake sauke su, to daga ina kamfani ke ci? Daga daimon ɗin nan. Da shi ake sayen riga da takalmi na cikin gem, da fentin bindiga, da rawar da mutum zai taka in ya yi nasara. A wajenki shirme ne. A wajen ɗan shekara 14 kuwa, shiga fili da rigar da gem ke bayarwa kyauta abin kunya ne, abokai za su ce masa sabon shiga. Wannan gorin ne ya kai hannunsa asusunki. Abin da ni ban yarda da shi ba shi ne keken sa'a da ake juyawa a ciki: ka zuba daimon ba ka san me zai fito ba, ka ga abin da kake so ya wuce ka da kaɗan, ka sake zubawa. Beljiyam tun 2018 ta ce akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a gem caca ne a dokarta, har EA ya daina sayar da kuɗin cikin FIFA a can a farkon 2019.

Yau ɗin nan ki canza lambar sirrin asusun, kada ki sa shekarar haihuwarki ko tasa, kada kuma ki ƙara miƙa masa waya ki ce ya tura wa wane kuɗi. Abin da ya ɗauka bashi ne, a faɗa masa adadin, ya biya da zaman shago Asabar da Lahadi. Ki kuma ja masa kunne kan masu tallan daimon kyauta a Facebook da WhatsApp, masu cewa turo lambar sirrinka mu cika maka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Yara sun sha zuwa mini da hawaye an kwashe musu asusun gem haɗe da na Facebook.

Sai “bari in gama”. A nan zan ɗan kare shi. Wasan nan da mutane na gaske ake yin sa a lokaci guda, ba shi da maɓallin dakatarwa, in ya ajiye ya bar abokansa uku a hannun abokan gaba. Don haka a sa dokar tun kafin ya fara: in an kusa kiran salla, ko an kusa sauke tukunya, ba a shiga sabon zagaye. Ƙarfe tara waya ta koma ɗakinki ta kwana, kuma har a gama jarrabawa sai ƙarshen mako. In wayar Android ce, akwai manhajar Family Link ta Google da ke kulle ta in lokaci ya cika, mai gyaran waya na kusa da ke zai saita miki.

Batun ciwo kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa akwai larurar kamuwa da gem, ta sa ta a kundinta da ya fara aiki a 2022. Amma da sharuɗɗa: mutum ya kasa riƙe kansa, gem ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma bisa al'ada sai abin ya kai wata 12. Yawancin yaran da iyaye ke kawo mini ƙararsu ba su kai nan ba, doka ce kawai babu a gida. In kin sa dokar ta yi wata biyu kika ga ya daina cin abinci, ya daina wanka, ya bar abokai, ko yana fasa kaya in an karɓi wayar, to wannan ya wuce mai gyaran waya, a kai shi wajen likita.

Wata rana kuma ki zauna kusa da shi ki ce ya nuna miki yadda ake yi. Za ki sha mamakin yadda bakinsa zai buɗe.

Tambaya: Kawu, akwai wani gem na ɗan jirgi da ke tashi kuɗinka na ninkuwa, in ka cire kafin ya ɓace ka ci. Wani a tasharmu ta Yagwa yana sayar da manhajar da ke faɗin lokacin da zai ɓace. In saya?

Amsa: Kada ka saya, kada ka buga. Wannan ba ya cikin wasannin da muke magana a kai, caca ce aka manna mata hoton jirgi, hukuncinta kuma yana Suratul Ma'ida aya ta 90, malamin unguwarku zai karanta maka. An tsara lissafinta yadda a ƙarshe mai gidan ne ke da riba. Shi kuma mai manhajar, da tana aiki, da ba a tasha za ka same shi yana neman jaka biyunka ba. A ɗakina ko goro aka sa a kan wasa, kashe talabijin nake yi.

Tambaya: Yaya, ni matar aure ce a nan Garwa, unguwar Yelwa. Ni da abokiyar zamana da ƙanwar maigida kullum bayan isha'i muna Ludo King a wayata, ni kuma ina Candy Crush har na wuce mataki na 2,000. Maigida na mana dariya wai wannan na yara ne. Ka raba mu.

Amsa: Ƙanwata, ki gaishe da maigida, ki ce in ji ni ya zauna ya ɗauki ja ko kore a ga iyawarsa. Ludo daga wani tsohon wasan Indiya ya samo asali, Pachisi, wanda har sarakunansu sun buga. Shi ma Ludo King kamfanin Gametion na Indiya ne ya fitar da shi a 2016, ya kuma bazu lokacin zaman gida na korona a 2020. Candy Crush kuwa tun 2012 yake, kamfanin King da ya yi shi ya koma hannun Microsoft a 2023.

Wayoyin mata da ake kawo mini gyara, da wuya in kunna ɗaya ban ga ɗayan biyun nan ba. Na dattawa ma haka, sun dai fi iya ɓoyewa. Ludo a waya ɗaya ba ya cin data, yana tashi ko a ƙaramar itel. Wasan da ya zaunar da ke da abokiyar zamanki a tabarma ɗaya kuna dariya, ban ga wanda ya fi shi amfani a duk shafin nan ba. In rayuka biyar na Candy Crush sun ƙare kada ki saya, kowanne na dawowa bayan rabin awa. Mai cewa dayis ɗin waya na da son kai kuma, a ludon kwali ma haka wanda aka ci yake faɗa.

Tambaya: Kawu, daga Mundu nake. Yaya labarin GTA 6? Kuma ƙanena ɗan shekara 11 yana son in sa masa San Andreas a waya.

Amsa: Rockstar, kamfanin da ke yin sa, ya ɗage ranar fitowarsa fiye da sau ɗaya, don haka sai ka gan shi a kasuwa ka yarda. Don PS5 da Xbox Series aka sanar da shi. Duk wanda ya turo maka wai GTA 6 na Android, ƙwayar cuta ce ko tarkon talla. Ƙanenka kuma a'a. San Andreas tun 2004 yake, amma tsufa bai goge lamba 18 da ke jikin kwalinsa ba. Sa masa Subway Surfers, ko Minecraft in kana da halin saye, ya yi ta gini.

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne a Mokolo. Duk wasannin nan na Turawa ne da 'yan Asiya. Mu a Kamaru ba a yin gem ne?

Amsa: Ana yi, Malam. A Yawunde akwai kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba, wanda a Afrilu 2016 ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan a kwamfuta. Labarin wani yarima ne, Enzo, da amaryarsa Erine, da ɗan'uwan amaryar ya yi wa juyin mulki ranar aure da naɗi, suka bazama neman ƙarfin kakanni don ƙwato sarauta. Sun sha fama da ɗaukewar wuta lokacin aikin, kuɗin ma a hannun masu zuba jari ɗaiɗai suka tara shi. Daga baya suka yi Le Responsable Mboa na waya, inda kake zama ƙaramin ma'aikacin gwamnati kana fama da cin hanci da hidimar gida. Duk wanda ya taɓa bin takarda daga ofis zuwa ofis zai yi dariya.

Abin da ke damuna shi ne mu nan arewa. Muna da dara, muna da langa, muna da dambe da kokawa da hawan salla a ƙofar Lamido. Gem ɗin dambe da kiɗa da kirari cikin Hausa ko Fulatanci, wanda zai tashi a waya mai RAM 2 ba tare da data ba, ni ne zan fara saye. Ɗalibanka masu kan lissafi, nuna musu Scratch, manhajar koyon haɗa gem, in sun ƙware su wuce Godot. Duka biyun kyauta ne.

Tambaya: Kawu, na tara kuɗin auduga ina son buɗe gidan gem a Gidar. In sayi PS5 ɗaya ko PS4 biyu na hannu?

Amsa: PS4 biyu, ɗana. In ka samu sirirar nan da ta fito a 2016 ta fi, don ba ta cin wuta sosai. PS5 ta fito a ƙarshen 2020, tana da kyau, amma tana jan wat wajen 200 in ana wasa, manet ɗinta na da tsada, kuma mai sefa 100 ba zai ba ka 300 don ciyawar fili ta fi sheƙi ba. Talabijin biyu, mutum huɗu ke nan a kan wasa, sauran na jira suna sayen zoɓo da ruwan sanyi a hannunka.

Kafin ka biya, a kunna na'urar a gabanka a buga wasa biyu cikakku. In fankarta na ƙara sosai ko ta mutu da kanta, bar musu kayansu. Abin da zai riƙa cin kuɗinka shi ne manet: sandar hagu ke fara lalacewa, ka ga ɗan wasa na tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Ka ajiye biyu a gefe, ka kuma koyi canza sandar da kanka, ɗan aikin dalma ne. Regilato tun ranar farko, don dawowar wuta da ƙarfi ta fi ɗaukewarta ɓarna. In da hali ka yi sola da batir, janareto a mai yake cinye riba. Da hunturu ka rufe na'urorin da zane in an tashi, ka riƙa busa musu ƙura. Kada ka kulle su cikin akwatin katako marar iska don tsoron ɓarayi, zafi zai kashe su kafin ɓarawo ya zo.

Ka je ka gaida mai unguwa da liman kafin ka buɗe, ka kuma yi takardunka na haraji. Ka rubuta a ƙofa da manyan baƙi: ba mai rigar makaranta a lokacin aji, ba caca, ba taba, ana kiran salla ana kashewa. Iyaye in sun ga kana riƙe da wannan, su da kansu za su riƙa ba yaro sefa 100 ranar Asabar. Wasannin farawa kuwa: ƙwallo, sai Tekken ko Mortal Kombat ga manya, sai Naruto don yara. Sauran su jira sai ka mayar da kuɗin talabijin.